Gurup, leda da karan dawa: yadda muka sake shirin wasanmu a Damagaram

Ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo da tikiti take rayuwa. Da kuɗin ƙofa muke biyan hayar fili, mu sallami ƴan wasa da makaɗa, abin da ya rage mu zuba a wasa na gaba. Ni ke riƙe da littafin kuɗi da makullin ɗakin kaya, saboda haka duk abin da aka saya, da duk abin da aka jefar, ta hannuna yake bi.

Maganar sake shirin wasanmu daga aljihu ta taso. A ƙarshen watan Mayu na 2023 Najeriya ta janye tallafin fetur, kwalbar man ƴan ruwa-ruwa, masu sayar da fetur a bakin hanya, ta yi tashin da ba mu saba gani ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a nan Nijar kuma aka yanke wutar da ke shigo mana daga Najeriya, ba a maido ta ba sai a watan Maris na 2024. A tsakanin nan ko gwaji za mu yi da dare sai an tada gurup, wato injin ba da wuta. Na duba littafi na ga kuɗin mai ya kusa kamo abin da muke raba wa ƴan wasa gaba ɗaya. Na kai maganar gaban shugaba.

A wannan zaman ne wata ƴar wasanmu, ɗaliba a jami'ar André Salifou, ta buɗe wayarta ta ce akwai wani kundin ƙa'idojin rage ɓarnar kaya da ɓata muhalli da masu gidajen wasa na Ingila suka fitar a 2021, suna kiran sa Theatre Green Book. Ta fassara mana matakin farko: rabin kayan da za a hau dandali da su ya zama an taɓa amfani da su a wani wuri, sannan idan an gama wasa kashi 65 cikin ɗari su samu inda za su ci gaba da amfani maimakon juji. Ta ce, "Yaya, mu ƙirga namu mu gani."

Muka baje ɗakin kaya a tsakar gida. Riguna daga gwanjo suke, ko daga adakar iyayenmu. Rawanin sarki na wani kawun shugaba ne da ya rasu. Turmi da taɓarya aro ne daga maƙwabta, ana gama wasa ake zuwa karɓa don akwai dakan safe. Kujerar alƙali ta yi kujerar likita, ta yi ta hedimasta, ta yi ta ɗan majalisa. Ba mu kai rabin ƙirga ba aka fara dariya. Shugaba ya ce talauci ya riga kundin Turawa isowa Damagaram. Su can matsalarsu ita ce ana gina dandali na miliyoyi, a yi wata biyu, a farfasa a zubar. Mu ko ƙusa sai mun miƙe ta mun sake bugawa.

Amma ɗalibar nan ba ta bari an tashi a kan dariya ba. Ta ce to a faɗa mata abin da ake tararwa a fili washegarin wasa. Kowa ya sani: ƙasa fari fat da ledar ruwa, tabon baƙin mai inda gurup ya kwana, gwangwanayen fenti, da ƙaton allon talla na roba mai ɗauke da ranar da ta riga ta wuce. Nan tamu dattin take. Muka ajiye lissafin Ingila muka rubuta namu.

Da wuta muka fara, don ita ce mai cin kuɗi. Fitilunmu na da irin halojin ne masu wat 500, waɗanda ake haska wurin gini da su, guda takwas a kan sanduna biyu. Wat 4000 ke nan tun kafin a kunna lasifika. Mafi yawan wutar da irin wannan fitila ke sha zafi take komawa, haske kaɗan ne a ciki. A watan Afrilu ka sa mutum babbar riga da alkyabba da rawani ka tsayar da shi a ƙarƙashinsu, kafin ya gama jawabi kwalliyar fuskarsa ta gangaro wuya. Gurup kuma yana bayan katanga yana ruri, sai mu ƙara sauti don mu danne shi, ƙarin sauti kuwa ƙarin wuta ne, ƙarin wuta ƙarin mai. Ɗalibar ta ce kowace litar fetur da aka ƙona tana sakin iskar kabon wajen kilo 2.3. Ni abin da na fi sani shi ne masu zama a layin baya suna tafiya gida da warin hayaƙi a riga.

Mai wutarmu ya kafe a kan cewa ba za a sayi fitilar LED ko ɗaya ba sai an gwada ta a fuskar mutum. Muka shiga kasuwar Dole, wani mai shago ya yarda ya ba mu aron iri biyu zuwa safe. Wadda ta fi yawa a kasuwa ita ce mai farin haske ƙal, an rubuta 6500K a kwalinta. Da muka kunna ta a kan ƴan wasa, fuskoki suka yi toka-toka kamar an tashi daga jinya, jan dara ya dushe, shuɗin rawani ya koma wani abu daban. Ɗayar mai 3000K ce, haskenta ya ɗan yi ja-ja irin na fitilar ƙwai, ita ce ta fito da baƙar fata da kyanta. Muka ɗauki takwas daga wannan, da biyu masu farin haske don fitowar dare da ta mafarki. Goma ke nan, kowace wat 50, jimla wat 500, daidai abin da fitila ɗaya ta da take ci ita kaɗai.

Akwai wani gwaji da nake ba duk mai shirin saye shawara ya yi tun a shago: ya kunna fitilar ya ɗora kyamarar waya a kanta. Wasu masu arha ido ba ya ganin rawarsu, amma a bidiyo sai ka ga layuka suna yawo. Tallanmu kuwa yanzu rabinsa guntayen bidiyo ne da ƴan kallo ke turawa a WhatsApp da TikTok. Wasan da ya fito da zane-zane a waya ya yi wa kansa ɓatanci.

Abin da muka rasa shi ne rage haske sannu a hankali. Halojin kana murɗa maɓalli tana dushewa har ta mutu. LED ɗin da kuɗinmu ya iya saye ba ta san wannan ba, ko a kunne ko a kashe, in ka matsa mata ta kama ƙyaftawa. Shugaba ya ji zafin wannan, don yana son rufe fitowa da duhu mai saukowa a hankali a kan fuskar mai kuka. Mai wuta ya raba fitilun gida uku, kowane da makunninsa, ana kashe su bi da bi. Sauran aikin sai ya koma kan ƴan wasa da makaɗa: mai kalangu ya ɗauki ƙarshen fitowa, ko a bar mace ɗaya da fitilar hannu ta fita da ita. A ganina wasan ya ƙaru da wannan. Shugaba har yau bai yarda ba.

Da nauyin wuta ya sauko haka, sai maganar hasken rana ta zama abin da za a iya tattaunawa. Lissafin ba shi da wuya. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana riƙe wat 2400 na awa ɗaya, amma irin mai darma ba a son a sauke shi ƙasa da rabi, in ba haka ba ya mutu da wuri. Guda huɗu ke nan suna ba ka wajen 4800 da za ka taɓa da kwanciyar hankali. Fitilu na awa uku 1500, sauran na sauti. Muka sayi faifan rana muka ɗaure a rufin ɗakin kaya, batura kuma bashi muka ɗauka muna biya kaɗan-kaɗan. A gwajin farko na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida ta yanke da aka saki kiɗa ta manyan lasifikan nan masu dukan ƙirji. Mai sauti ya so a sayi babbar na'ura. Mai wuta ya ce a fara cire manyan lasifikan a ji. Aka cire, aka aika yaro can ƙarshen fili, ya ɗaga hannu alamar yana jin komai. Ashe rabin ƙarar da muke saki da gurup muke faɗa.

Abu biyu ne ke cin faifai da batir a garin nan: ƙura da zafi. Lokacin hunturu in aka bar faifan kwana kaɗan ba a share ba, caji ba ya cika. Ruwa kuma a Damagaram ba abin wasa ba ne, gari ne da ke zaune a kan dutse, wanda ya taɓa bin layin famfo da jarka a watan Mayu ba zai ɗauki bokiti ya watsa wa rufi ba. Da busasshen tsumma mai laushi ake sharewa da sassafe, sai jefi-jefi a bi da mai ɗan laima. Batura kuma a ɗakin ƙasa suke, kan katako, inda iska ke ratsawa. Gurup bai bar mu gaba ɗaya ba. Yana zuwa fili kowane dare da ɗan mai a cikinsa, ya zauna a gefe, don mutumin da ya biya tikiti ba ruwansa da labarin hadari ya rufe rana.

Sai dandali. A da falle-fallen katako muke saye mu shafe da fentin mai, a tsinka shi da fetur, a wanke buroshi a zubar a bayan katanga. Kafin shekara ta zagayo gara ta cinye rabi a ɗakin kaya. Wanda ya kawo shawarar kara wani dattijo ne cikinmu da ya yi wasa tun zamanin ƙungiyoyin matasa na samariya, yana cikin matasan da suka ga bikin matasa na ƙasa na farko da aka yi a nan Damagaram a 1976. Ya ce su Yazi Dogo, manyan ƴan wasan kwaikwayon da, da tabarma da kujera suka riƙe ƙasar nan, ba wanda ya tambaye su katako. Ya kuma tuna mana wasan kara, wanda duk ɗan garin nan ya sani: matasa su kwaikwayi sarki da gwamna da shugaban ƙasa da muƙarrabansu, bindiga ta kara, tabarau na kara, kyamarar ɗan jarida ta kara, jama'a kuma su taru su sha kallo ba wanda ya ce ai ba ta gaske ba ce.

Muka kai wa mai walda tsofaffin ƙarafa ya haɗa mana firam shida masu naɗewa, waɗanda za su daɗe. A kansu muke ɗaura abin da wasa ke buƙata: zana in gidan ƙauye ne, asabari in shago ne, tabarmar kaba, ko dangar karan dawa. Da halojin ba za mu taɓa kusantar wannan ba, busasshen kara kusa da fitilar da ke iya ƙona hannu neman gobara ne. LED ce ta buɗe ƙofar. Duk da haka akwai bokitan yashi biyu a bayan dandali, an kuma hana shan taba a wurin, har shi dattijon da ya kawo shawarar.

Kada dai wani ya ɗauka kara shara ce da ake tsinta kyauta. A ƙasarmu abincin dabba ne, danga ne, makamashi ne, wanda aka bari a gona kuma shi ke riƙe ƙasa kada iska ta kwashe ta. Manomi ya san darajarsa, kuɗinsa yana hawa yadda rani ke nisa. Mukan saya bayan girbi, wajen watan Nuwamba, daga ƙauyukan hanyar Mirriya, in an gama zagayen wasa kuma mu ba mai gadin filin ya gyara dangar awakinsa.

Wajen launi ne na fi jin daɗin aikin nan. Muka je Birni, tsohuwar unguwar garin, wurin wani tsohon magini daga cikin masu zanen fuskar gidaje, irin zanen da baƙi ke tsayawa ɗauka hoto a hanyar fadar sarki. Na gaishe shi na ce, "Baba, so muke mu zana bangon gida a kan ƙyalle, ba da fentin kanti ba." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ƙyalle ba bango ba ne. Bango yana tsaye, ƙyalle yana tafiya. Sai ka ba ƙasa abin da za ta riƙe." Abin riƙon shi ne ƙaro. A jiƙa shi ya kwana, a tace, a dama da farar ƙasa, ko jar ƙasa da aka tankaɗe, ko garin gawayi mai laushi. Ya nuna mana yadda ake gane ya yi: a shafa a bayan hannu, in ya bushe a murza. Ya koma gari, ƙaro ya yi kaɗan, zai bi rigunan ƴan wasa. Ya yi sheƙi yana tsagewa, ya yi yawa, ranar da aka naɗe ƙyallen zai zube. Telanmu ya haɗa tsofaffin zannuwan gado da labulaye daga gwanjo, Baba ya zo da kansa ya ja layukan farko da yatsa, yaran suka cike. Bai karɓi kuɗi ba sai goro da tikiti huɗu na jikokinsa. A ƙarƙashin fitila launin ƙasa ba ya ƙyalli yadda fentin mai ke yi, ido yana hutawa a kansa ya koma kan ɗan wasa. Sharaɗinsa biyu: naɗewa ake yi a jikin gora, ba a ninkewa, kuma ba ya shiri da ruwan sama ko kaɗan.

Leda ce ta ba mu wuya, kuma har yanzu ba mu gama da ita ba. Tun 2014 akwai dokar da ta hana shigo da ledoji marasa kauri da sayar da su a Nijar, amma kowa ya ga itatuwan bakin gari yadda suke rataye da su, ya ga magudanan ruwa da damina. A bayan dandali abin ya zo da sauƙi: randuna biyu na Mirriya, kowane ɗan wasa da kofinsa mai alama, ruwa ya fi na leda sanyi. Da muka ce za a yi haka ga ƴan kallo, sai abubuwa biyu suka tare mu. Na farko, mutane ɗari uku ba za su sha da moɗa ɗaya ba, kuma suna da gaskiya, musamman da damina. Na biyu, matan da ke sayar da ruwa a ƙofa. Babbarsu ta same ni a ɗakin kaya ta ce, "Ɗan nan, an ce za ku kafa randa. Randar ce za ta saya wa marayuna hatsi?" Na ce, "Inna, zauna mu yi magana." Shekarunta a ƙofar nan sun fi na wasu ƴan wasanmu a duniya.

Abin da muka daidaita a kai shi ne su ci gaba da sayarwa. Zoɓo da lamurje da kunun aya su koma kwalaben da ake dawowa da su a wanke. Ruwan leda kuma kowace mai sayarwa mu ba ta buhu, wadda ta dawo da buhunta cike da ledojin da aka zubar bayan an tashi mu yafe mata kuɗin wurin zama. Yaransu suka zama masu tsinta tun kafin a gama tafi. Mai gabatarwa yana saka maganar cikin barkwancinsa kafin a fara, hakan ya fi kowace sanarwa aiki. Wani mai renon itatuwa yana zuwa ya ɗebi masu kyau, ya yanke baki, ya cika da ƙasa da taki ya shuka dogon yaro da zogale, ya sayar gab da 3 ga Agusta, ranar dashen itace. Abin da bai ɗauka ba juji yake tafiya. Bambancin kawai ba a ƙona shi a filin, awaki kuma ba sa kwana suna ci.

Allon talla bai ɗauki dogon zance ba. Kamfanin da ke ɗan tallafa mana ya nace sai sunansa ya fito a kan roba mai sheƙi. Muka roƙa a buga shi ba rana ba wata, don a yi ta amfani da shi. Ranar wasa da kuɗin shiga mai rubutun allo ne ke rubutawa a ƙyalle, sauran kuma rediyo da mai shela a kan kabu-kabu.

Tafiya ce ta nuna mana iyakarmu. A cikin gari amalanke biyu sun isa kwashe dandalin duka, tunda yanzu naɗewa yake. Zuwa Mirriya ko Matamaye kaya suna hawa saman motar da ƴan wasa ke ciki, ba sai mun ɗauki ta biyu ba, wannan kaɗai ya rage kusan rabin kuɗin hanya. Amma batir ɗaya ya fi kilo 50, huɗu nauyin mutum uku ne ko fiye, kuma girgizar hanya ba ta yi musu daɗi. Zuwa Magarya da Tanut muka bar su a gida. Wani wuri muka yi hayar gurup a can. Wani wuri muka gwada wasa bayan la'asar a hasken Allah, a gama kafin magariba. Mata da yara sun fi fitowa a wannan lokaci, magidanta kuwa suna kasuwa ko gona, kuma da rana duk wanda ke da katanga ko itace kusa da fili ya samu kallon kyauta. Kuɗin ƙofa ya ragu, amma ba mai, ba hayar inji. Littafi ya nuna kusan kunnen doki, don haka yanzu gari-gari muke dubawa, inda fili ke da doguwar katanga mu yi da rana.

Saura maganar da nake yawan tayarwa a taro ana cewa na cika lissafi. Baturan nan za su mutu, a zafin garin nan ba za su yi tsawon ran da aka rubuta a takardarsu ba. A cikinsu darma ce da ruwan asid, kuma na ga yadda ake fasa su a bayan gari, a tuttular da ruwan a ƙasa, a narka darmar a buɗaɗɗen wuri yara na tsaye. In namu suka ƙare a can, hayaƙin da muka rage ya koma guba a wata unguwa. Mun yi magana da mai shagon da ya sayar mana, ya yarda zai karɓi tsofaffin a rufe yadda suke ya rage mana kuɗin sababbi, na sa aka rubuta aka sa hannu. Daga kowane tikiti kuma ina cire dala biyar in ajiye daban. In asusun ya kai kafin lokacin, masu lityum za mu saya, sun fi sauƙin ɗauka, ana kuma iya sauke su ƙasa sosai ba su lalace ba, biyu za su yi aikin huɗun nan har su bi mu Tanut.